Kaye Bakwai na Rahila

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya ara mini kwana har na ga furfura a gemun yaran da na taɓa tsayarwa a bakin ƙofar makaranta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, ranar Juma'ar da ta wuce wasu matasan malamai uku, sababbin fitowa daga makarantar horon malamai, sun biyo ni gida bayan an sauko daga masallaci. Suna ta murna da labarin da suka ji, cewa ana shirin ƙarfafa doka a kan horon yara a makarantun gwamnati: a bar duka da kora, a koma ga zaunar da mai laifi da wanda aka yi wa laifi har a gyara ɓarna. Ɗayansu ya ce mini, "Baba Malam, ai mu mun huta. Ku kuka sha fama da dorina. Mu zama kawai za mu yi, a ce wane ba wane haƙuri, a tashi." Na yi masa addu'a, ban amsa ba, domin zauren cike yake da baƙi. Amsar ce nake rubutawa yanzu, gare shi da ire-irensa.

Shekara ashirin da shida na yi ina aikin sirbeyan a wata kwaleji ta gwamnati a nan Maraɗi. Sirbeyan ba ya koyar da darasi, ko da yake Mushe yara ke ce masa, kamar yadda suke ce wa kowane malami. Shi ne mai tsaron ƙofa da lokaci, mai sanin wanda ya zo da wanda bai zo ba, kuma wurinsa ake kai duk wanda ya yi laifi. Ban shiga aikin da niyya ba. A zauren mahaifina na yi karatu, na sauke, na bi malamai a fiƙihu da nahawu har Katsina, sannan aka ɗauke ni ina koyar da Larabci. Da tsohon sirbeyan ya kusa ajiye aiki, darakta ya duba ya ga ni ne mai ƙarancin awoyi, ya ce in riƙa taya shi. Sunansa Garba, amma Baba Kafaran kowa ke ce masa, domin ya yi soja tun zamanin Nasara. Shekara biyu na yi a bayansa.

Ranar farko da na fara, bai nuna mini kujera ba. Ya tsayar da ni a bakin ƙofa tun kafin a buga ƙarfe, wato tsohon ƙarfen ƙafar mota da ke rataye a itacen bedi, ya ce, "Malam ƙarami, kada ka dubi fuska. Kowane yaro ya iya gyara fuska. Dubi ƙafa." Na duba. Ƙafar ɗan cikin gari tsaf take. Ƙafar wanda ya taso daga Tsibiri ko daga ƙauyukan bakin Gulbi fari fat take da ƙura har ƙwauri. Ya ce, "In su biyu suka makara tare, laifinsu ba ɗaya ba ne. Wanga barci ya yi, wancan tafiya ya yi." Kayan aikinsa ba su da yawa: usur a wuya, babbar rajista mai baƙin bango, da dorina wadda man hannu ya sa ta yi sheƙi. Yana da ƙa'idodinsa a kanta, kuma ban taɓa ganin ya karya su ba. Ba ya wuce uku. Ba ya duka yana cikin fushi. Sai ya sa yaro ya tsaya, ya je ya sha ruwa ya dawo. Ba ya dukan yaron da bai karya kumallo ba. Allah Ya jiƙansa, mutum ne mai adalci gwargwadon abin da ya sani.

Iyaye kuwa, su ne masu kawo mana aiki, kuma dorinar suke so. Uba zai riƙo hannun ɗansa har gabanka ya ce ka dake shi yadda ka ga dama muddin ba ka karya shi ba. In ka saki yaro ba duka, gobe uban ya zo ya tambaye ka ko raina shi ka yi. Ni ma na yi duka, shekaru da yawa, ba zan ɓoye ba. Abin da na lura da shi a hankali shi ne, in yaro ya fasa wa wani allo ko ya yaga masa riga, aka yi masa uku, to shi ya biya a ganinsa, ni na gama aikina, mai riga kuwa ya koma gida da rigarsa a yage.

Sai aka shiga shekarun da ƙasa ta koma mulkin jam'iyyu. Wanda bai ga wannan zamani ba, ba zai gane shi da labari ba. Kowa ya sami baki a rana ɗaya. Malamai na yajin aiki, ɗalibai na nasu, wani mako a buɗe, wani mako a rufe. A cikin wannan hali takarda ta sauko mana daga ma'aikatar ilimi. Darakta ya tara mu ya karanta. Ma'anarta ita ce an hana duka, kuma ba za a kori yaro ba sai an zauna da shi da iyayensa, an ji ta bakin wanda aka cuta, an nemi hanyar da zai gyara abin da ya ɓata. Wani malamin lissafi ya ce, "Shi ke nan, dimokuraɗiyya ta shigo kalas, saura mu riƙa neman ƙuri'arsu kafin mu ba su sifiri." Aka yi dariya. Ni dai na karɓi takardar na karanta ta sau biyu, na ga babu abin da ta zo da shi wanda baƙo ne ga mai karatun fiƙihu. Malamanmu sun koya mana cewa wanda ya ɓata kayan wani, ramuwa ce a kansa: ya kawo irinsa in yana da iri, in babu ya kawo ƙimarsa. Na naɗe dorinar Baba Kafaran na kai wa iyalinsa, na ce a raina wannan aiki na san shi tun a zaure.

Aikin farko da na yi da sabuwar hanya, bencin zama ne da wani yaro ya karya yana tsalle a kai. Na kira kafinta, na ce kada ya taɓa kome, ya tsaya ya nuna kawai. Yaron ya yini biyu yana fama da zarto da ƙusa, ya fasa yatsa, bencin ya tsaya. Na biyu, wasu ne suka yi wa tsohuwa mai ƙosai ta bakin ƙofa waƙar tsiya. Mako guda suka yi suna ɗebo mata ruwa da share mata wuri, har ta koma tana ƙara musu ƙosai a ɓoye, sai da na tsawata mata. Waɗannan suka sa na ɗauka na ƙware. Daga nan ne na yi kuskuren da nake so ku ji.

A shekarar akwai wata yarinya a ajin ƙarshe, ajin masu jarrabawar fita da ake ce wa birebe, sunanta Rahila. Ɗiyar wani manomi ce Kirista daga Tsibiri, ana ce masa Barmo. Kullum da asuba take biyo amalanken masu kawo itace kasuwa, da la'asar ta koma. Ku sani, a lokacin littafin karatu ɗaya ne a hannun malami, wani lokaci ma babu. Malami ya rubuta a allo, yara su kwafa a kaye, wato littafin rubutu, a goge. Abin da ke cikin kayenka shi ne karatunka duka. In ya ɓata, shekararka ta ɓata. Rahila tana da kaye bakwai, ta lulluɓe su da takardar buhun siminti, kuma malamai kan ari nata in suna son tuna inda suka tsaya.

Wata safiya ɗaliban gari suka tashi da yaji. Tun jiya da yamma suka yanke shawara, labari bai kai Tsibiri ba. Rahila ta iso ta tarar da kalas babu kowa, ta ga ba ta da abin komawa sai la'asar, ta zauna tana bita. Masu yaji suka shigo da usur suna fitar da mutane, sun riga sun kunna taya a bakin ƙofa. Shugabansu a makarantarmu Sanusi ne, ɗan ajinsu, ɗan wani Alhaji mai sayar da atamfa a babbar kasuwa. Ya same ta da kaye a buɗe. Ya ce ta ci amanar ɗalibai. Ya fizgi jakarta ya fita da ita a guje, ya wurga a kan tayar. Ina can wajen darakta muna rufe tagogi. Kafin in iso, sai toka da wayar taya.

Laifin kora ne. Amma takarda ta ce a zauna, sai na kira zama. Na gayyaci Alhaji, na aika wa Barmo. Na shimfiɗa tabarma a ɗakin aikina, darakta ya zauna a kujera. Alhaji ya zo da yaran shagonsa ɗauke da kwali guda na sababbin kaye, da bik na rubutu, da jaka ta fata. Da ya shigo ya ga Barmo, sai ya tuɓe takalmi, ya cire hula, ya durƙusa a gabansa, babban mutum mai furfura a gaban manomi mai riga ɗaya.

Barmo ya miƙe zumbur. "Alhaji tashi, don girman Allah tashi. Ni za ka durƙusa ma?"

"Ba ni tashi sai ka yahe mini. Ni na haihi wanga abu, laihina ne."

"Ai ƙuruciya ce, Alhaji. Na yahe, duniya da lahira. Tashi mutane na gani."

Aka sa Sanusi ya durƙusa shi ma, ya ce a yi haƙuri, idonsa na kan taga. Na lissafa a raina: bakwai aka ƙona, an kawo fiye da ashirin, iri da iri har da ƙari. Na rubuta a rajista cewa an yi sulhu, an biya, an yafe. Kowa ya sa hannu, Barmo ya dangwala yatsa. Rahila tana tsaye a bakin ƙofa tun farko har ƙarshe, kanta a sunkuye, yadda ya kamaci ɗiya mai tarbiyya a gaban manya. Babu wanda ya tambaye ta kome, kuma babu wanda ya ga rashin tambayar a matsayin gibi, har da ni.

Aka koma karatu. Ta zo kwana huɗu, ta daina. Na ba ta mako guda, sannan ranar Lahadi da hantsi ya yi sosai, lokacin da na san sun taso daga majami'a, na hau ɗan babur ɗina, mobilet, na tafi Tsibiri. Bazara ce, na tarar da Barmo a ƙofar gida yana gyaran ƙotar hauya. Ya shimfiɗa mini buzu, aka kawo fura. Bayan gaisuwa na tambayi Rahila.

Ya ce, "Tana ciki, Malam. Ta ce karatun ya hi ƙarhinta bana. Ni kuwa na ce to, ta zauna. Ga damina tahe, uwarta ba ta da lahiya, hannu muke nema. Da ma na ce shekarar ga ita ce ta ƙarshe, in ta samu ta samu. Ba ni iya ƙara wata."

Na ce a kira ta. Ta fito ɗauke da kwalin nan, ta ajiye a gabana, ta durƙusa. Ta ciro kaye ɗaya ta buɗe, ta juya shafi, ta juya wani, ta juya wani, duka farare. Ta ce, "Mushe, mi zan karanta a nan?"

Na tambaye ta ko ba ta nemi aron na ƴan ajinsu ba. Ta ce ta nema. Jarrabawa ta matso, babu mai sakin kayensa ya kwana a Tsibiri. Wasu kuma sun daina yi mata magana, wai ta so ta sa a kori shugabansu. Karatun wata shida ne a fanni bakwai. Ko an ba ta aro, da wane lokaci za ta kwafa, ita da ke isa gida magariba?

Barmo ya ce, "Ke, bar maganar ga. Na riga na yahe ma Alhaji."

A kan buzun nan na ga kuskurena guda biyu, kuma dukansu a babin da nake taƙama da shi. Na hukunta cewa farin kaye irin rubutaccen kaye ne, alhali abin da wuta ta ci rubutu ne, takarda kuwa ɗaukarsa kawai take yi. Sannan na karɓi yafiya daga bakin wanda ba shi ne mai haƙƙi ba. Barmo uba ne, amma ba shi ya zauna wata shida yana kwafa ba. Kuma ko nasa ne, wace yafiya ce ta mutumin da Alhaji ya cire wa hula a gaban darakta? Kunya ce ta yi magana. Mu mutanen ƙasar nan mun san haka sarai, shi ya sa ma muke kai manya biko. Na roƙi Barmo ya ba ni ita zuwa jarrabawa, ya ce ya ba ni, amma daga nan babu ƙari.

Tayar da maganar da aka binne ta fi binne ta wuya. Darakta ya ce an sa hannu, ba ya son fitina da ƴan yaji. Na ce ni zan ɗauka. Na sami Alhaji a shagonsa, tsakanin tulin atamfa, ya sa aka kawo mini lemo. Da na faɗi abin da ya kawo ni, fuskarsa ta canja.

"Allah gafarta Malam, durƙuson nawa bai isa ba? Ko kayen ne suka yi kaɗan? A ƙara kwali biyu."

Na duba rigar da ke jikinsa, shadda ce mai aikin hannu tun daga wuya har aljihu. Na ce, "Alhaji, rigar ga wata nawa mai ɗinki ya yi yana aikinta?"

"Wata huɗu. A Zariya aka yi ta."

"In ɗana ya ƙona ta, na kawo maka yadi ashirin na shadda fara, na biya ka?"

Ya shafa aikin da yatsa. Can ya ce, "Ka biya ni yadi." Sannan ya ce, "To mi kake so ya yi?"

Na ce ban sani ba tukuna, sai na tambayi mai kaya.

A zama na biyu na bar iyaye a waje, a inuwar bedi. Wannan ita ce ƙa'idar da na riƙe har na bar aiki: manya su zo, a girmama su, amma kada su shiga sai yara sun gama. A ɗaki daga ni sai su biyu, sai wata malama da na roƙa ta zauna kusa da Rahila. Na ce Rahila ta fara. Ta yi shiru mai tsawo, har malamar ta so ta yi magana a madadinta, na ɗaga mata hannu. Ku koyi jure wannan shiru. Rabin aikin a cikinsa yake. Da ta buɗe baki, ba ta yi zancen wuta ba. Ta shiga lissafa abin da ke cikin kayen ɗaya bayan ɗaya: taswirar kogi da ta zana sau uku kafin ta yi daidai, hoton zuciya da jan bik da shuɗi, lissafin da ta gyara da hannunta a gefen shafi.

Sanusi ba mugun yaro ba ne, kuma abin da suke yaji a kai ba ƙarya ba ne. Ya ce, "Mushe, don kowa muka hita, har da ita. In kowa ya zauna kalas, wa za ya ji kukanmu?"

Rahila ta ɗago kai karo na farko. Ta ce, "Wa ya zo Tsibiri ya hwaɗa mini?"

Ya sunkuyar da kai. Na bar shi da tambayar har ya gaji da kallon ƙasa. Sannan na ce mata, "Ɗiyata, mi kike so?"

"Kayena nake so. Da rubutunsu."

Na juya ga Sanusi na ce ya ji, yaya za a yi? Na ƙi faɗa masa, domin abin da ka ɗora wa yaro horo ne, abin da ya ɗauka da bakinsa alkawari ne. Can ya ce, "Sai dai in an kwahe." Na ce wa zai kwafe? Ya ce, "Ni."

Aikin kwafar ya ci mako bakwai. Kowace rana in an tashi, ban da Juma'a, awa biyu a ɗakina. Ni na bi ƴan ajin na aro kayensu da sunana, ina mayarwa kafin magariba. Ban zaunar da shi a fili ba, ban kuma rufe ƙofa ba. Na bar ta rabi. Don kada ya zama shi kaɗai ke rubutu ina tsaye a kansa kamar mai gadi, sai na kawo wani tsohon rubutun mahaifina da gara ta fara ci, na zauna a ɗaya gefen teburin ina kwafe shi da tawada. In ya gama kaye, Rahila ke dubawa, ba ni ba. Na farko ta mayar masa da shafi tara. Ta ce, "Wanga rubutu ko kai ba ka karanta shi." Ya ce, "To ke ce darakta yanzu?" Ta ce, "Ni ce mai kaye." Ya sake su.

A mako na uku ya kusa bari. Abokansa sun sa masa suna sakataren Rahila, suna kiransa da shi har a kasuwa. Ya shigo ya jefar da bik ya ce gara a kore shi. Na ce ƙofa a buɗe take, amma ya bi ta kalas ya faɗa wa Rahila da bakinsa cewa ya fasa, ni ba na kai saƙon. Ya fita. Na ga ya tsaya a bakin kalas ɗin, ya daɗe, ya dawo ya ɗauki bik.

Kayen kimiyya ne ya ba mu wuya. Babu yaron da nasa ya cika, malamin kuwa, Mushe Hamani, wani Bazabarme, yana cikin yajin malamai, ya koma Jiratawa ya kama ɗan fili a wurin noman rani don ya ci da iyalinsa. Ranar Asabar muka tafi, ni a mobilet, Sanusi a keke. Muka same shi cikin laka har gwiwa yana buɗe wa albasa ruwa. Na faɗa masa buƙata. Ya ce shi yana yaji, ko alli ba ya taɓawa. Na ce ba koyarwa na ce ya yi ba, aron takardun darasinsa nake so, don Rahila.

"Rahila ta Tsibiri? Bagobirar nan?" Ya yi dariya, irin ta wasan da ke tsakanin Zabarmawa da Gobirawa. "Ai baiwata ce. In ta faɗi jarrabawa ni aka yi wa asara." Ya dubi Sanusi daga sama har ƙasa. "Kai ne mai wutar? To riƙe mini hauyar ga, in je gida in ɗauko. In ruwan ya wuce kunya ta uku ka toshe, in ka bari ya ci mini albasa ita ma sai ka kwahe ta."

Ya dawo da takardun a cikin leda, ya tarar da Sanusi da laka har wuya.

Mun gama kaye na shida, an fara na bakwai, jarrabawa saura ƴan makonni, sai sanarwa ta fito a rediyo da tsakar rana: kwanakin da aka yi karatu ba su kai ba, an soke shekarar gaba ɗaya. Babu jarrabawa, kowa zai maimaita ajinsa. Wannan ita ce muguwar shekara a aikina. Yara da yawa daga ranar ba su sake taka makaranta ba. Wasu suka kama sayar da fetur a kwalba, wasu suka hau kabu-kabu. Rahila ta ɗauki kayenta shida ta bi amalanke, ba ta yi mini sallama ba. Na san abin da Barmo ya faɗa: babu ƙari.

Kashegari Sanusi ya zo, ya tsaya a bakin tebur. Ya ce, "Mushe, na bakwan fa? Na mi kuma?"

Na ce, "Ni ban da hukunci a kanka yanzu, makaranta a rufe take. Bakwai ka ce, shida ka kai. Sauran tsakaninka da Allah ne da mai kaya."

Ya ɗauki takardun ya tafi. Duk damina ban sake ganinsa ba, kuma ban aika ba.

Ranar da aka koma, bayan an fara girbin gero, na tsaya a bakin ƙofa da rajista. Sanusi ya zo, ya gaishe ni, ya wuce. Rahila ba ta zo ba. Rana ta biyu ma haka. Darakta ya ce in cike gurbinta, akwai masu jira. Na roƙe shi zuwa ƙarshen mako.

Ranar Alhamis, an riga an buga ƙarfe, ina shirin rufe ƙofa, sai ga Barmo a ƙasa, Rahila na bayansa da ƙunshi a ka. Ya gaishe ni, ya karɓi ƙunshin ya kwance a gabana. Kaye bakwai ne.

Ya ce, "Malam, yaron ga na Alhaji ya same ni har gona, cikin marka, bisa keke, ya jiƙe sharkaf. Ya ciro wanga daga cikin riga, ya ce in ba Rahila, ya juya. Ko ruwa bai sha ba. Ni ban iya karatu ba, amma na zauna na buɗe su shahi-shahi, har bakwai ɗin. Na ce a raina, ɗiyata ta rubuta wanga abu sau ɗaya wuta ta ci, ɗan mutane ya rubuta shi na biyu. In na aje shi bisa rumbu gara ta ci, to ni ma na ƙona shi ke nan, kuma ni babu mai sa ni in kwahe." Ya ɗaure ƙunshin ya miƙa mata. "Shekara guda na ƙara. Gero dai na iya shi ni kaɗai."

Na buɗe rajista na rubuta sunanta. Ta makara da kwana uku da rabin awa, na rubuta wannan ma, domin aiki aiki ne. Sannan na matsa gefe ta wuce.

Allah Ya ba ku haƙurin zama, Ya yafe mana abin da muka yanke da gaggawa.